Liman da Kwarashi

Jama'ar Sabo. Na san da yawanku sun wuce ta gaban shagona sun gan ni riƙe da kwarashi da zaren ulu, sun gaishe ni cikin mutunci, sai da suka sha kwana suka yi dariyarsu. Wasu ma ba su jira kwanar ba. Wani dattijo da muka yi shekara 20 muna sahu ɗaya ya tsaya ya ce, "Malam, wannan kuma wane sabon karatu ne?" Na ce masa karatu ne, malamata tana gida. Tunda maganar ta zaga unguwa har ta leƙa Mokola, gara ku ji ta daga bakina.

Maiɗakina ta fi shekara 25 tana saƙa. Jariran da aka fito da su ranar suna cikin hula da safa da rigar sanyi na hannunta, iyayensu sun sani. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ban taɓa ɗaukar abin a bakin sana'a ba. Gani nake abin rage zama ne, alhali sau da yawa in kasuwa ta tsaya mini, daga gwangwanin kuɗin saƙar nan ake cefane ba a gaya mini ba.

Bayan Babbar Sallar 2023 hawan jini ya kayar da ita, ɓarin dama ya shanye. Alhamdu lillahi magana ta dawo, ƙafa ma ta dawo da kaɗan-kaɗan, muna zuwa gashi asibiti. Hannun ne ya ƙi. Ta sa aka tura kwandon zarenta ƙarƙashin gado, ta daina yawan magana. Mace mai surutu, sai ka wuni ba ka ji bakinta ba in ba amsa sallama ba. Wannan shirun ya fi ciwon tayar mini da hankali.

Babban yaronmu yana rakiyar albasa daga Aliero. Mu nan Ibadan sanyinmu wasa ne: hazo na 'yan kwanaki a Disamba da Janairu, leɓe ya tsage, shi ke nan. Amma ku tambayi wanda ya kwana a saman tirela, kan buhuna, tsakanin Yawuri da Kontagora cikin hunturu, mota na gudu, iska na shiga ta wuyan riga ta sauka a ƙirji. Kafin a tsallake Jebba murya ta dishe. Shekarar da ta gabata ya naɗe wuyansa da dogon rawani, ya zo dirowa a Mokwa jelar rawanin ta sarƙe a ƙarfen mota. Ba don yaron mota ya yi saurin tallafo shi ba, da wani labarin ake yi. Ya dawo da shatin abin a wuya. Tun ranar uwarsa ta ce za ta saƙa masa gajeren abin wuya mai kauri, marar jela, mai maɓalli, wanda in wani abu ya fizge shi maɓallin ne zai tsinke. Sai ciwo ya riga ta.

Wata rana a Nuwamba, yaron na shirin tafiya Arewa, na ji ta ce a hankali, "Da hannuna na nan." 'Yan matanmu biyu suna ɗakunan mazajensu, ɗaya a Legas ɗaya a Zariya. Ban san lokacin da na ce, "To ga nawa" ba. Ta dube ni, ta dubi yatsun nan nawa da ba su san komai ba sai ƙirga canji da jan carbi, ta fashe da dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyarta tun kafin Sallah. Ko don wannan kaɗai ai ba na fasawa.

Ga yadda ta koya mini, don na ga wasu matan suna leƙe suna jin nauyin tambaya. Zare mai kauri ake so. In ba ku samu ba, ko ya yi tsada, ku haɗa zaren da kuka saba saƙa kayan jarirai da shi guda 3 ko 4 ku riƙe su kamar ɗaya. Haka muka yi da farko. Kwarashin ma babba, mai lamba 8 ko 9, ba siririn nan na hular jariri ba. Za ka fara da sarƙa, ido 16, faɗinta ya kai kamar taƙi ɗaya na hannun babba. Sai ka dawo kana cika kowane ido, ka kai ƙarshe, ka ƙara sarƙa ta juyawa, ka juya, ka sake dawowa. Abin kenan, je ka ka dawo, har tsawon ya kai wajen santimita 60. Ita ba ta yarda da tef ba. Ta ce a naɗa a wuyan mai shi, in baki ya hau kan baki da faɗin yatsu huɗu, ya isa. Sai maɓalli manya 3 a baki ɗaya, a ɗinka su da zaren ulun kansa don zaren tela yana yanka saƙa. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba a yi wa maɓallin ƙofa. Saƙa mai kauri tana da 'yan ramuka tsakanin ido da ido, ko'ina ka tura maɓallin zai shiga, mai siririn wuya ya matse, mai kauri ya sassauta.

A faɗe kam da sauƙi. Na farkon da na yi, ya fara da ido 16 ya ƙare da 9, ya fito kamar harshen saniya. Ashe idon ƙarshe na kowane layi yakan ɓuya, ni kuma ina tsallake shi. Ta karɓa da hannun hagu, ta kama bakin zaren da haƙori, ta ja, aikin kwana uku ya warware a gabana. Wallahi sai da na ji zafi. Shekara nawa ina sa yara su wanke allo su sake rubutu, ban san haka abin yake a zuciya ba. Na biyu kuma na matse zaren har kwarashi ya ƙi shiga, abin ya yi tauri kamar faifai. Ta ce, "Malam, ba akuya kake ɗaurewa ba, saki hannunka." Na uku ne ya yi kama da abin da mutum zai sa, ko da yake gefe ɗaya ya ɗan karkace. Shi yaron ya tafi da shi.

Yanzu maganar masu dariya. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma da farko kunya nake ji. In na hango wani daga cikin kwamitin masallaci sai in cusa saƙar ƙarƙashin dadduman da nake sayarwa. Har wani ya aiko mini cewa bai dace da mai jan mutane sallah ba. Na yi ta tunani na rasa inda rashin dacewar take. Hular da ke kanku wa ya zauna da allura ya ɗinka ta? Aikin wuyan babbar riga fa? A garuruwanmu malamai da almajirai ne suka fi kowa iya shi, da shi da yawa suka ci abinci suka yi karatu. Kuma duk wanda ya zauna a Islamiyya ya ji abin da Nana A'isha ta ba da labari, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan gyara tufarsa da takalminsa da hannunsa, yana hidimar iyalinsa a gida. Daga ranar na daina ɓoyewa.

Wuri ɗaya dai mai sukar ya yi gaskiya ba tare da ya sani ba. Wata Asuba bayan sallama na kama kaina ina ƙirga ido a yatsa maimakon tasbihi. Na yi istigfari, na kafa wa kaina doka: daga kiran Magariba kwarashi ya koma kwando sai hantsi.

Yaron ya dawo bai yi tari ba, amma ya dawo babu abin wuyan. Direbansu ya karɓe. Sai abokan tafiyarsa suka fara zuwa shago ɗaya bayan ɗaya, har suka sa masa suna "wuyan liman". Duk wanda ya karɓa ina yi masa gargaɗi biyu. Zaren nan da muke kira ulu yawancinsa na roba ne, wuta na taɓa shi narkewa yake ya manne a fata, saboda haka in za ka ji ɗumi a wurin mai shayi, ja baya ko ka cire. In za a wanke kuma, ruwan sanyi, kada a murɗe, kada a rataya a igiya, a shimfiɗa shi ya bushe, in ba haka ba ya miƙe ya zama na raƙumi.

Kuɗin kuwa gwangwaninta yake shiga, don ita ce mai sana'ar, ni ɗan aiki ne. Ita ke zaɓen launi, ita ke yanke farashi, ita ke duba kowane ɗaya kafin ya fita, kuma har yau tana mayar mini da wasu. Mai yi mata gashi da ya ji labari ya ce ta riƙa gwada riƙe babban kwarashin, don ya fi siriri sauƙin kamawa. Mun naɗe masa tsumma a gindi ya ƙara kauri. Watanni tana yi yana faɗuwa. Ranar Juma'ar da ta wuce na dawo daga masallaci na tarar da sarƙa mai ido 16 a kan matashina, wasu idon manya wasu ƙanana. Ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Na ɗauka na ɗora layi na biyu a kai.

Ta ce in gaya wa matan da ke son koyo su zo gida ranar Asabar bayan La'asar, kowace ta zo da zarenta. Maza kuma shagona yana nan inda kuka sani, akwai benci.