Santimita 14

A hutun Disamba ban tsaya Agadas ba, na zarce Timiya wajen kakata. Ga wanda bai san wurin ba, gari ne a cikin duwatsun Abzin, sama da kilomita 200 daga Agadas, a bakin kori, ga lambunan lemu da rumman da dabino. Amma ni ba shan lemu ya kai ni ba. Ɗakin kaka ne ya tsage da damina, bangon gabas ya zauna, aka mayar da ita ɗakin ƙanwar mamata. Tsohuwa kuwa ba ta son zaman ɗakin wani, ga sanyin Timiya da ke shiga har ƙashi. Ni da kawuna muka haɗa ɗan abin da muke da shi don a yi mata sabo. Kwana 12 kawai gare ni kafin in koma Yamai.

Filin yana gindin tudu, ɗaki mita 4 kowane gefe. A ido, wallahi kamar an shimfiɗa tabarma. Muka haƙa harsashi, muka jera duwatsu layi biyu, ni har na fara lissafin ranar ɗora azara. Sai maginin, wani dattijo abokin kawu, ya zaro wani dogon tiyo da ake ganin cikinsa, ya cika shi da ruwa, ya yi ta karkaɗawa har kumfar iska ta fita duka. Ya kafa turke a kusurwa huɗu, ya ba ni baki ɗaya na riƙe, shi ya riƙe ɗayan. Duk inda ruwan ya tsaya sai mu ja layi da gawayi, domin ruwa a baki biyu na tiyo ɗaya tsayinsa ɗaya ne, ko ƙasa ta so ko ta ƙi. Da muka auna daga layin zuwa kan duwatsun, kusurwar gabas ta gaza ta yamma da santimita 14.

Na ce, "Baba, wannan ai ba wani abu ba ne. In an zo daɓe sai a ƙara siminti ta wajen da ya yi ƙasa, shi ke nan."

Ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, buhu nawa gare ka?"

Uku ne gare mu, su ma da kyar suka iso, don kuɗin ɗauko siminti daga Agadas a kan wannan hanya ba wasa ba ne. Ya ce ko ninki biyu na kawo ba za su cike ramin ba. Kuma ko sun cike, daɓen kawai na gyara, bangon fa? Tubali layin farko yake bi. In na farko ya karkata, na goma ma a karkace zai hau, nauyin soro duka ya taru a kusurwa ɗaya.

Daga nan ya ja ni zuwa kangon tsohon ɗakin, ya sa na tona gindin bangon da hannuna. Ta yamma dutse ne, ta gabas rairayi ne da ruwa ya taro. Ɓangare ɗaya ya nutse, ɗaya ya tsaya, bango ya rabu biyu. Wanda ya gina shi ya ga gangaren, sai ya cike da ƙasa ya shafe. Shekaru ɗakin ya yi lafiya lau, har daminar da ta tona asirin. Kaka tana ciki a daren.

Ban ƙara magana ba. Muka kwashe duwatsun da muka jera. Ta gabas muka yi ta haƙa har muka tarar da ƙasa mai tauri. Ta yamma, da yake dutsen ba ya saruwa, ya yi harsashin hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa a daidaice, har saman ya haɗu a layi ɗaya. Cikin ɗakin kuma bai yarda a juye ƙasa lokaci guda ba. A zuba tsakuwa da ƙasa kaurin yatsa huɗu, a yayyafa ruwa, a daddaka, sannan a ƙara. Ya ɗaga daɓen taki ɗaya sama da tsakar gida, ya ɗan sunkuyar da shi wajen ƙofa. Kusurwa kuwa da igiya ya gwada ta: 3 nan, 4 can, tsakaninsu 5. Lissafin da na haddace a makaranta don jarrabawa, ga shi a hannun mutumin da bai taɓa jin sunan Pitagoras ba.

Kwana uku wannan aiki ya ci, kuma wanda ya zo wucewa ba zai ga an yi komai ba. Abin ya ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba. Na bar Timiya bango bai kai ƙirjina ba.

A mota na yi ta tunanin nawa gangaren. A shekarar farko ban iya sa alamar karin sauti ba, na haddace misalai na wuce. Yanzu da nake rubuta kalmomi daga bakin mutane, kunnena na jin bambancin "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa, amma hannuna ya kasa rubutawa. Na san cikinku akwai masu irin wannan cikon. Ni dai da na koma na ari littafin ƴan shekarar farko, kunya ko ba kunya.

A watan Fabrairu kawu ya kira ni. Ya ce ranar da kaka ta tare, kafin a shigar da gadonta sai da ta sa aka zuba ruwan buta a tsakar ɗakin, ta tsaya tana kallo har ya gangara ya fita ta ƙofa. Sannan ta ce a kawo kayanta.