Kartar da Na Saya wa Ɗan Yayana

Makaranta da suka saba ganin labarin soyayya daga alƙalamina su yi mini afuwa, yau ba ƙagaggen labari na zo da shi ba. Abu ne da ya faru a gidanmu, a garin Gafasa ta ƙaramar hukumar Ajingi, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu, shi ya sa na daɗe ina juya shi a raina kafin na yarda in rubuta.

Ana saura kwana uku Babbar Sallar 2023 na shiga kasuwar Sabon Gari a Kano neman tsarabar yara. A gaban wani mai kayan wasa na tarar da cincirindon 'yan makaranta, shi kuma yana riƙe da fakitin karta yana nuna musu abin al'ajabi. Zai karkaɗa gefen kartar da babban yatsa, ka ga kowane falle daban. Ya ce wani yaro ya tsayar da shi inda ya ga dama, yaro ya zaro bakwai mai jan zuciya. A mayar, a yanka, a sake zarowa, ita ce dai. Daga ƙarshe ya hura wa kartar iska, ya karkaɗa ta ɗaya gefen, sai ga fakitin gaba ɗaya ya koma jar bakwai. Ni da furfura ta fara fito mini a gemu sai da na saki baki.

Nan take ɗan marigayi yayana ya faɗo mini a rai. Auta muke ce masa, shekararsa goma sha huɗu a lokacin. Tun rasuwar mahaifinsa yaron ya koma shiru-shiru, ba ya shiga cikin sa'o'insa, ga in'ina da take sa yara su yi masa dariya. Na ce bari in kai masa abin da zai sa a kewaye shi ko da sau ɗaya ne. Na biya, mai kayan ya ja ni gefe ya nuna mini sirrin cikin minti biyar.

Sirrin kuwa ba wani abu ba ne mai wuya. Rabin kartar duk iri ɗaya ce, wato jar bakwai ɗin nan, kuma an ɗan rage musu tsawo kaɗan, ragin da ido ba ya kamawa sai yatsa. An jera su ne doguwa, gajera, doguwa, gajera. Idan ka karkaɗa gefe, yatsanka dogayen kawai yake kamawa, gajerun su faɗi a ɓoye a bayansu, mai kallo ya ga karta kala-kala. Duk inda aka yanka kuwa, fallen da ke saman kason ƙasa gajera ce, wato jar bakwai. In ka karkaɗa ta ɗaya ɓangaren sai gajerun su bayyana, dogayen su ɓuya. Shi ke nan.

Daga baya da abin ya dame ni na bi diddiginta. Turawa na kiran ta Svengali, kuma ana danganta ƙirƙirarta ga wani ɗan dabo Ba'amurke, Burling Hull, a 1909. Abin da ya fi ba ni mamaki a matsayina na marubuci shi ne daga littafin ƙagaggen labari aka samo sunan: Trilby na George du Maurier, wanda ya fito a 1894, inda Svengali yake mutum ne da ya mallake hankalin wata yarinya yana juya ta yadda ya so. A 1970 wani mai suna Marshall Brodien ya shiga tallar irin wannan karta a talabijin a Amurka, yara suka yi ta saye. Tana da 'yan uwa. Akwai wadda aka fiƙe gefenta, kai ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ta yadda in aka juya falle ɗaya za ka zare shi ko idonka a rufe. Akwai wadda aka ɓoye alama a cikin zanen bayanta, mai ita ya karanta ta ba tare da ya kifa ta ba. Dukkansu ko 'yan koyo na iya amfani da su, domin kartar ce ke yin aikin, mai riƙe da ita baki kawai zai kawo.

Na bi ta Wudil, na sauka Gaya, na hau babur zuwa gida. Daren Sallah na koya wa Auta a ɗakin Inna, da hasken fitilar waya. Kafin in koma Kano yaron ya fi ni iyawa. Ranar da zan tafi na gan shi a gindin darbejiyar ƙofar gida, yara sun fi ashirin a kansa, har da samari, yana magana ba in'ina ko ɗaya. Wallahi sai da na share ƙwalla. Na tafi ina ganin ban taɓa kashe kuɗi a inda ya dace kamar wannan ba.

Abin da na manta, ko in ce na ƙi tunawa, shi ne ni kaina karta ta taɓa cin mutuncina. A 1996, ina sakandare, na tsaya a Wudil ranar Juma'a, ranar kasuwa, a hanyata ta komawa makaranta. Na tarar da 'yan wala-wala sun kifa kwali, karta uku a kai, biyu baƙaƙe ɗaya ja, ka nuna jar a ninka maka kuɗinka. Na ga mutum biyu suna ci suna dariya, ban san abokan cin mushensu ba ne. Cikin ƙiftawar ido kuɗin makarantata da na guzuri suka tafi. Sai da aka sayar da akuyar Inna aka rufa mini asiri, kuma har yau ban gaya mata gaskiyar yadda kuɗin suka salwanta ba. Cewa na yi an yanke mini aljihu.

Mu da muka tashi a karkara mun san dabo. Mun ga 'yan dabo a kasuwa suna fito da ƙwai daga hula, mun ga gardawa da kura, mun ga 'yan tauri. Waɗanda suka leƙa birni sun ga Farfesa Peller a talabijin kafin a kashe shi a Ibadan a 1997. Sai dai a wajenmu ba a cika raba rufa-ido da asiri ba. Bature zai biya kuɗi ya shiga zauren wasa yana sane da cewa yaudarar idonsa za a yi, ya yi tafi ya tafi gida. Mutumin ƙauyenmu kuwa in ya ga abin da ya gagari hankalinsa, tambayar farko ita ce, wane malami ne ya ba shi? Wannan ne ban lissafa ba ranar da nake ciniki a Sabon Gari.

Da kaka, ana tsakiyar yankan gero, Inna ta sa aka kira ni a waya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Ɗan nan, ka zo gida gobe. Abin da ka kawo wa yaron nan ya jawo mana magana."

Ga abin da ya faru. Wata maƙwabciyarmu, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta nemi kuɗin adashinta da ta ƙulle a tsumma ta rasa. Tuni dama gari ya ɗauka cewa Auta yana da iska, har mata na aiko masa da ƙosai da gyaɗa. Sai jikokin tsohuwar suka ɗauko shi ya duba musu ɓarawo. Aka tara yaran da ke shiga gidan, su shida, a zaure. Auta ya ce duk wanda jar bakwai ta fito masa shi ne. Yaro zai yanka karta, in Auta ya so ya wanke shi sai ya nuna fallen da ke ƙarƙashin kason sama, wanda kullum doguwa ce, kowace iri. Biyar suka wuce lafiya. Da aka zo kan wani almajiri da ke yi wa tsohuwar ɗiban ruwa, sai ya miƙa masa fallen da ke saman kason ƙasa. Aka sake, ta sake fitowa. Sau uku. Samari suka rufe almajirin da duka har suka fasa masa baki, sai da malaminsa ya zo ya ƙwace shi.

Na sami Auta a bayan rumbu. Na tambaye shi ko ya ga almajirin ya ɗauki kuɗin. Ya ce a'a. Na ce to me ya sa shi? In'inarsa ta dawo, da ƙyar ya haɗa maganar.

"Baffa, kowa shi yake kallo tun kafin in fara. Da ta fito wa wani, cewa za su yi ƙarya nake."

Na ɗaga hannu zan mare shi, hannun ya tsaya a sama. Domin kuwa amsar da ya ba ni, sana'ata ce ya karanta mini. Shekara ashirin ina rubuta littattafai, tun ana kai su Sabon Gari a ɗaure da igiya kashi na ɗaya da na biyu da na uku, har zuwa yau da ake tura su ta WhatsApp a biya ta banki. A cikinsu sau nawa na bar mai karatu ya zaro mugun da ba shi ya sa rai ba? Kishiya ce, ko uwar miji, ko 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye. Tun shafi na goma mai karatu ya gama yanke mata hukunci, ni kuma in yi ta karkaɗa masa shafuka kamar komai na iya faruwa, alhali na riga na rage wa wasu tsawo. Na taɓa gwada wanke kishiya a wani littafi, 'yan kasuwa suka ce bai tafi ba, ban sake ba. Bambancina da Auta shi ne nawa mutanen na takarda ne, nasa kuwa yana da baki, kuma an fasa shi.

Bayan sallar La'asar na roƙi liman da mai unguwa su tsayar da jama'a a ƙofar masallaci. Aka kira tsohuwar da jikokinta, aka kira malamin almajirin. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni na kawo wannan abu garin nan, ni ya kamata in tona shi." Na baje kartar a kan tabarma fuska sama, kowa ya ga jar bakwai birjik. Na haɗa doguwa da gajera na ba mai unguwa ya shafa da yatsa. Sannan na sa shi ya yanka, na ba shi jar bakwai sau uku a jere, na ce, "Ranka ya daɗe, ashe kai ne ɓarawon." Aka yi dariya, amma gajeriya, don kowa ya tuna bakin yaron. Liman ya yi nasiha a kan zuwa wajen masu duba da kuma zato, ya tuna wa mutane hadisin da ya yi gargaɗin rashin karɓar sallar kwana arba'in ga wanda ya je wa boka da tambaya. Na biya kuɗin magani, na sa Auta ya durƙusa ya ba almajirin da malaminsa haƙuri a gaban kowa.

Da a littafina ne, a nan za a ga kuɗin a ƙarƙashin tukunya, tsohuwa ta fashe da kuka, a rungumi almajiri. Ba a ga kuɗin ba har yau. Almajirin bai ƙara sati biyu a garin ba, aka ce iyayensa sun zo sun tafi da shi. Kuma abin da ya fi ci mini rai, akwai waɗanda suka ga kartar a baje da idonsu amma har gobe suna cewa yaron yana da abinsa, baffansa ne ɗan boko ya zo ya rufe don kada a san sirrin gidansu. Wata mata ma ta tare Inna a gidan suna tana tambaya ko Auta zai duba mata mijin 'yarta.

Auta ya yi wata uku ba ya ɗaga wayata. Ban ga laifinsa ba. Ni na ɗora shi a kan doki, ni kuma na sauke shi a bainar jama'a, yaran da suka kewaye shi suka watse suka koma kwaikwayon in'inarsa. Na sha tambayar kaina ko akwai hanyar da zan wanke almajirin ba tare da na tozarta maraya ba. Ban samo ta ba.

Da Ƙaramar Sallar 2024 na je gida da fakitin karta na gaskiya, falle 52, babu gajera babu doguwa. Na ce masa in har yana son dabo, to ga wadda ba za ta yi masa aikin ba, sai ya sha wuyar horar da yatsunsa wata da watanni kamar yadda masu sana'ar na gaske suke yi. Na kafa masa sharaɗi biyu: ba kuɗi a tsakani, kuma kafin ya fara ya gaya wa masu kallo da bakinsa cewa wasa ne, dabara ce, ba iska ba asiri. Ya karɓa bai ce komai ba. Inna dai ba ta so, ta ce karta karta ce, kayan 'yan caca. Wataƙila ita ce mai gaskiya, don ta fi ni sanin abin da karta ta ci mata, ko da ba ta san ta ci ba.

Tsohuwar kartar tana nan a cikin akwatin da nake ajiye rubuce-rubucena. Littafin da nake kai yanzu akwai 'yar aiki a ciki, sarƙar Hajiya ta ɓace a babi na huɗu, kuma na san wadda duk za ku zarga. Na kai wata biyu ban iya rubuta babi na biyar ba.

Wanda duk ya san inda almajirin nan yake ba zai karanta wannan ba, na sani. Amma ina roƙon makaranta su sa shi a addu'a, su sa Auta, ni ma su sa ni. Allah ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, amin.