Maganin Ido Da Haske: Ina Matsayin Baƙar Fata?

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, saboda haka kada malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi mamaki in na ɗauko zancen wata na'ura ta Amurka na kai shi ƙasar Kura da Bunkure, inda aka yanke mini cibiya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai ya iso Kadawa, mutanenmu ba su ƙara sanin zaman rani ba, ana kwashe shinkafa sai a sa alkama ko tumatir. Arziki kam ya samu, amma ido yana ɗanɗana kuɗarsa. Gwaggona ta yi shekaru tana sheƙar shinkafa cikin hunturu, kullum gefen idonta ja wur, tana cewa kamar an zuba mata yashi. Kwalli ne maganinta, in ya ƙi ci sai na ɗigawa daga kemis.

To, ba kowane irin wannan ciwo ne laifin ƙura da ƙaiƙayi ba. A gefen fatar ido akwai 'yan ƙofofi masu fitar da maiƙo, wanda shi ke hana hawaye saurin bushewa. Daga cikin abubuwan da kan toshe su akwai cutar da likitoci ke kira rozashiya, mai kumbura ƙananan jijiyoyin jini na fuska da na fatar ido. A jikin Bature fuska ce kan yi ja, a gane nan take. A jikinmu kuwa baƙi ya rufe jan, sai a daɗe ana maganin wani abu dabam.

A 2002 wani likitan ido na Amurka, Rolando Toyos, ya lura cewa masu wannan cuta da ake haska wa fuska da wata fitila mai walƙiya, idanunsu ma sukan sami sauƙi. Zafin hasken ne kan toshe jijiyoyin da suka kumbura, ya kuma narkar da maiƙon da ya daskare. Akan yi kamar sau huɗu, da 'yan makonni tsakani, kuma a 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wata na'ura irin wannan domin bushewar ido.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. Hasken nan ba ya bambanta jijiyar jini da sinadarin da ke ba fata baƙinta, duka biyu suna shan sa su yi zafi. Likitocin fata sun kasa launin mutane kashi 6, bisa ma'aunin da Thomas Fitzpatrick ya fara shimfiɗawa a 1975, galibi kuma kashi 4 na farko ake yi wa wannan aiki, alhali yawancinmu muna na 5 da na 6. Watau abin da ya zama sauƙi ga mutumin Ingila yana iya zame wa manomin Kura ƙuna, ko tabo baƙi, ko fari kamar na wuta. Baƙin cikin ido shi ma haka yake shan haske. An sami waɗanda aka haska ba tare da an rufe musu ido da marufi ba, ya lalace, har suka kasa jure hasken rana.

Ni ba likita nake tsoro ba, domin shi zai duba fata kafin ya kunna fitila. Tsorona shi ne irin wannan na'ura ce ake cire gashi da ita a shagunan kwalliya, kuma mun san yadda allura ta fita daga asibiti ta shiga jakar mai yawo ƙauye-ƙauye ran kasuwa. Ranar da ta faɗa hannu irin wannan, wanda zai fara miƙa fuskarsa shi ne wanda ya sayar da buhun shinkafa, yake ganin abin da ya fi tsada shi ya fi kyau. Alhali kuwa abin da likitoci kan fara sa mutum yi shi ne gasa fatar ido da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, safe da yamma, in bai lafa ba ya hau mota zuwa Kano, inda asibitin ido na ECWA yake duba mutane tun 1943.