Ƙarin da yake ciruwa

A wani asibiti a Kumasi, wani saurayi ɗan zango ya tsaya tsakanin likita da kawunsa yana yi musu tafinta. Kawun dattijo ne mai fataucin goro, ba ya jin Turanci, kuma ya yi watanni yana fama da ƙari a wuya. Likita ya duba hoton da aka ɗauka, ya ce ƙarin "operable" ne.

Saurayin ya san kalmar, amma a littafin koyon kanikanci ya gamu da ita, inda take nufin injin da bai mutu ba, wanda in an kunna zai tashi. Sai ya ce, "Kawu, ya ce abin yana aiki." Dattijo ya yi salati, ya sunkuyar da kai. A kunnen Bahaushe, ciwon da yake aiki ciwo ne mai cin jiki.

Ba a ce yaron ya yi jahilci ba. Asalin kalmar daga Latin ne, daga tushen da ke nufin aiki, kuma ta rabu gida biyu: ta inji da ta likita. Hausa ma haka ta yi da nata "aiki", shi ya sa "an yi masa aiki" ke nufin tiyata. Abin da ya kuɓuce wa tafinta shi ne mai yin aikin. Inji shi ke yi. Ƙari kuwa, a kansa ake yi.

Wata ma'aikaciyar jinya da ta ji su ta matso ta ce, "Baba, cewa ya yi yana ciruwa."

Fassararta ta fi, domin ta ɗauko fi'ilin da ke ƙarewa da -u, wanda Parsons ya sa a aji na bakwai: ciru, gyaru, ɗinku, yiwu. A sigar ci gaba, irin wannan fi'ili kan nuna abin da zai yiwu a yi: mota tana gyaruwa, riga tana ɗinkuwa. Korewarsa, "ba ya ciruwa", ita ce "inoperable", maganar da ba a faɗa wa majinyaci da gaggawa. Sai dai ciruwa ba warkewa ba ce, kuma ma'aikaciyar ba ta ƙara masa alkawarin da likita bai yi ba.

Dattijo ya gyara zaman hularsa, ya tambayi ranar da za a yi aikin, da abin da za a biya.