Abin da Baki Ya Kasa, Ƙafa Ta Faɗa

A ƙauyenmu na Gulbin Kaba, cikin ƙasar Mayahi, tun yarinya ba ta iya ɗaurin zane ba ake koya mata abubuwan da ba a faɗi. Ba ta kiran sunan wanda zai aure ta. In ta shiga ɗaki ba ta kiran sunan miji, ba ta kiran sunan ɗan fari. In kishi ya ci ta sai ta haɗiye, in ɗa ya rasu sai a ce ta yi haƙuri, Mai abu ya karɓi abinsa. Da wannan kunya aka raine mu, kuma har gobe ina ganin girmanta. Sai dai abin da aka tare a baki ba ya mutuwa a ciki, wata ƙofa yake nema. A wurinmu ƙofar nan rawa ce.

Kaka ce lokacin dandali. In an yanke hatsi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, farin wata ya fito, ba mai iya riƙe budurwa a gida. 'Yan kuɗin da muka tara a saƙar tabarmar kaba da tallar fura su ne na kwalli da lalle da warwaro. Da gaɗa muke farawa: a yi da'ira ana tafi, ɗaya ta shiga tsakiya ta taka, sannan ta saki jiki ta faɗo da baya ba tare da ta waiga ba, ƙawaye su tare ta su cilla sama. A nan yarinya ke sanin wadda za ta riƙa amana har tsufa. In dare ya fara nisa sai mai kalangu ya iso da yaronsa, samari su jeru gefe guda ƙarƙashin idon sarkin samari. Kowace budurwa da takenta. Saurayi ya ba makaɗi kuɗi a kaɗa taken wadda yake so, in ta fito ya liƙa mata dala a goshi.

Yayata na da manema biyu. Ɗaya ɗan fatake ne mai zuwa Jibiya da Katsina, yana da keke da rediyo, manyan gidanmu duk sun karkata gare shi. Ɗayan manomi ne, ba shi da komai sai hauya da ƙarfin damtse. An tambayi Yaya a gida, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ita fuskar ma ta ɓoye ta. Daren da ɗan fataken ya zube wa makaɗi kuɗi, Yaya ta fito don kada ta kunyata shi, ta yi 'yan taku kaɗan cikin sanyin jiki, ta koma layi. Da manomin ya miƙa dalarsa ɗaya tak, sai muka ga wata Yaya daban. Ta taka har ƙura ta tashi, mai kalangu na bin ta yana matse tsirkiya, adikonta ya faɗi ba ta ko duba ba.

Kafin hantsi labari ya gama bakin rijiya. Kakarmu ta tafi zaure ta iske Baba yana wanke alluna.

“Malam, ɗiyar ga ta yi magana jiya.”

“Mi ta ce, Inna?”

“Ba da baki ba. Amma gari duka ya jiya.”

Baba malamin zaure ne, bai taɓa taka dandali ba. Ya yi shiru, ya ce tunda budurwa ta nuna, ba zai ɗaura mata wanda ba ta so ba. Dandali na da nasa aibu, akwai faɗan samari da sanduna, akwai tsarance da malamai suka daɗe suna yaƙi da shi. Amma wannan aure da ƙafa ta zaɓa ya zauna har ga jikoki.

Rawar Gwaggo, ƙanwar Baba, ba ta farin wata ba ce. Wabi take yi, ta haifa ta binne. Mijinta ya ƙaro aure, amarya ta fara zuba 'ya'ya. Gwaggo ba ta taɓa cewa uffan ba, ita ke yi wa amarya wankan jego. Sannu a hankali ta daina cin abinci, ta daina fira, ƙafarta ɗaya ta riƙe. Ta sha rubutun Baba, an kai ta gidan likita a Mayahi. Daga ƙarshe tsofaffin gidan mijinta suka ce Doguwa ce, suka kira 'yan bori aka sa ta girka, kwana bakwai cikin ɗaki ana ba ta saiwoyi da hayaƙi.

Ranar fita na laɓe bayan darni ina leƙe. Mai goge na ja, masu ƙwarya na bugu, ana kiran iskoki, mutanen Jangare, ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa. Sarkin Rafi ya hau dokinsa, mutumin ya yi tsalle ya faɗo zaune a ƙasa da ƙarfin da ya isa ya karya ƙugu, ya miƙe ya sake. Ɗan Galadima ya zo da taƙama yana rabon goro. Malam Alhaji ya zauna a duƙe yana tari yana jan tasbaha. Da aka juya kiɗa zuwa taken Doguwa, sai Gwaggo, wadda aka fito da ita a tallafe, ta fara kaɗa kai. Ta miƙe tsaye a kan ƙafar nan da ta riƙe. Ta zagaya fili tana taku mai nauyi, ta tsaya gaban mijinta, ta yi magana da muryar da ban san ta da ita ba.

“Kai, godiyata ka bari cikin rana. Ɗiyanta na ƙasa, kai kana dariya ɗakin wata. Yaushe rabon ka tambaye ta ko ta ci?”

Mutumin da ko yara ba sa tari gabansa ya tuɓe hula ya durƙusa. “Na ji, Inna. A yi mini aikin gafara.” Aka yanka masa abin da zai kawo, zane da akuya. Can Gwaggo ta yi atishawa, ta zube, ta nemi ruwa. Da ta ga mijinta kusa sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba zan ce ga abin da ya hau ta ba, Allah ne masanin gaibu. Abin da na shaida shi ne, maganar shekaru ta fita a yini ɗaya gaban jama'a, ba wanda ya ce Gwaggo ta yi rashin kunya, kuma a daren ta ci tuwo. Baba ya ce shirka ce, ya daɗe bai taka gidan ba.

An kama ni lakwal ina ƙarama, daga baya na tafi kwaleji a Tasawa. Zamanin Seyni Kountché ne, wanda ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974 ya farfaɗo da samariya a kowace unguwa. Rawa ta zama aikin ƙasa. Aka ɗinka mana anko, aka jera mu sahu-sahu, muna kwaikwayon shuka da sussuka da daka, har da bori marar iska. Ana gasa daga gunduma zuwa Maraɗi, waɗanda suka yi fice su wakilci jiha a bikin matasa na ƙasa. Mun yi alfahari ƙwarai, don a nan 'yar Bahaushe ta fara ganin rawar Zabarmawa da ta Buzaye da ta Barebari. Amma a dandali juna muke kallo, a nan kuwa alƙalai muke kallo, kuma an riga an tsara mana abin da ƙafa za ta ce.

Sai fari na 1984 ya zo. Gwamnatin Buhari a Najeriya ta rufe iyaka a watan Afrilu na shekarar, shi ya sa mutanenmu suka sa wa yunwar suna El-Buhari. Ƙauyuka suka watse, magidanta suka tafi cin rani, makaɗa suka bi su. Da aka dawo, duniya ta soma sauyawa. Wa'azi ya yi ƙarfi, makarantun Islamiyya suka yawaita, kaset ya maye gurbin mai kalangu, daga baya finafinan Kano suka kawo tasu rawar. Dandali bai mutu rana ɗaya ba, raguwa ya yi ta yi har aka wayi gari an gina shaguna a wurin.

Ina malamar makaranta na tafi ƙarin karatu Yamai, a can na iske rawarmu cikin littattafai. A. J. N. Tremearne ya fitar da nasa a kan bori tun 1914, kuma da yawan abin da ya tara daga bakin Hausawan Tunis da Tarabulus ne, mutanen da hamada ta raba da gida amma ba ta raba su da iskokinsu ba. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta zauna a ƙasar Maraɗi, littafinta na Faransanci ya fito a 1972. Ta nuna yadda mata suka fi yawa a bori da yadda ciwo ke zama ƙofar shigarsu. Ina karantawa ina ganin Gwaggo a kowane shafi. Fremont Besmer ya rubuta na Kano a 1983, ya bi makaɗan goge da garaya da taken kowane iska. Veit Erlmann da Habou Magagi sun fitar da Girkaa a 1989, suka bi girka ta ƙasar Maraɗi daki-daki. Daga baya na samu na Adeline Masquelier na 2001 a kan Dogon Dutsi, wanda ta ɗauko sunansa daga kukan 'yan bori cewa salla ta ɓata komai.

Na gode wa waɗannan marubuta, sun adana abin da mu muka bari yana zubewa. Amma bori ne ya ja hankalinsu, don shi ne abin mamaki ga baƙo. Rawar budurwa a dandali, wadda ta ɗaura aure ta kuma hana wani, ba ta samu irin wannan gata ba. Wanda ya fi kusa da ita shi ne labarin Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga a 1954. Ita ta yi zancen rawar 'yan mata ranar kasuwa da makaɗa da samari kamar yadda kakata za ta yi. Da Hausa ta faɗa, amma da Turanci duniya ta fara jin ta.

Littafin da ya fi warware mini zare kuwa a zauren gidanmu yake. Baba ya tsufa, ido ya yi rauni, na zauna ina ba shi labarin abin da na karanto. Ya sa aka ɗauko masa Ihya'u Ulumiddin na Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce akwai babi guda a ciki kan sauraren waƙa da motsin da yake haifarwa. Ya ce Imamu bai ɗauki motsin jiki haramun don kansa ba, ya duba abin da ke zuciyar mai yi da irin taron da ake yi, har ya kafa hujja da Habashawan da suka yi wasa da masu a masallaci Nana A'isha na kallo. Ya ce Shehu Usmanu ya yi hani ga cuɗanyar maza da mata wurin kiɗa, kuma gaskiya ya faɗa. Amma 'yarsa Nana Asma'u, da ta tashi raba mata da bori, ba hani kaɗai ta yi ba. Ta kafa 'yan taru, ta naɗa jagororin mata da ake kira jaji ta aza musu malfa irin ta Innar Gobir, uwar 'yan bori, ta ba su waƙoƙi da Hausa da Fillanci su rera wa 'yan'uwansu mata.

“Ɗiyata,” in ji shi, “wanda zai rufe wa mutane ƙofa, shi fara buɗe musu wata. Ni na hana Gwaggonki bori, amma ban taɓa zama na tambaye ta abin da ke cin ta ba.”

Gwaggo ta bar bori da kanta bayan shekaru, ta shiga makarantar matan aure. A Mauludi nakan gan ta cikin sahun masu bege tana rausaya, kafaɗa na tafiya da amshi, hawaye na zuba. Takun bai ɓace ba, alƙibla ya sauya.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne abin da na gani a aji. Kamar sauran malamai a makarantun Nijar da dama, na ga 'yan mata suna faɗuwa ana tsakar darasi, ɗaya ta ja ɗaya, suna birgima suna ihu da muryoyin da ba nasu ba. Akan kira malamai su yi ruƙiyya, a yayyafa ruwan addu'a, a sallami yara. Na riƙe kawunan wasu a cinyata. Da suka farfaɗo na bi su a hankali, sai in tarar wannan an sa ranar aurenta da wanda ba ta so, waccan uwarta ta fita an bar ta hannun kishiya. Kunyar tana nan yadda muka gaje ta, dandalin ne babu.

Ba ina kiran a koma bori ba, ni 'yar malam ce kuma na yarda da abin da Baba ya karantar. Ina kiran iyaye da malaman Tasawa da Mayahi mu amsa tambayar da Nana Asma'u ta amsa a zamaninta: yarinyar da aka hana faɗi da baki, aka hana faɗi da ƙafa, a ina za ta faɗa? Marubutanmu na soyayya kuma, da suka cika littattafai da wasiƙu da wayar salula, su je su zauna da tsofaffin da suka yi gaɗa tun suna da rai, su tambaye su take da taku da abin da kowane ke nufi. Matan nan suna nan a Kanan Bakashe da Isawan da Korgom da Urafan, kuma in aka tambaye su da ladabi za su faɗa.