Gona ɗaya, takarda biyu

Mu mutanen Uba mun saba da abin da baƙo ke mamaki: gari ɗaya, jihohi biyu. Wani ɓangare na ƙaramar hukumar Hong ne a Adamawa, wani kuma na Askira/Uba a Borno. Kasuwa ɗaya muke ci, jana'iza ɗaya muke bi, har mukan manta da maganar iyaka, sai ranar da rigimar fili ta tashi.

Mu a gidanmu bara muka tuna. Akwai gonar da kakanmu ya saya a bayan gari lokacin da fatauci ya kawo shi. A wancan zamani duk nan Jihar Arewa maso Gabas ce, kafin a raba ta a 1976. Takardar cinikin ta ce daga tsamiya zuwa bakin kwari. Tsamiyar an sare ta tuntuni, kwarin kuma ruwa ya ci bakinsa. Ita kanta takardar ta salwanta a gudun hijirar 2014, sai kwafi ya rage mana.

Da muka tashi rabon gado, sai ga maƙwabcinmu, mutumin kirki, da tasa takardar daga ɗaya ɓangaren, mai awo da ƙafa da hatimi, ta haɗa da kusan sulusin gonarmu. Ba cuta ya yi niyya ba. Saya ya yi, kamar yadda kakanmu ya saya. Muka je ofishi guda, aka ce babu mu a littafi. Muka je ɗayan, aka ce wannan ba hurumin nan ba ne. Dattawa ne suka raba mu, kowa ya haƙura da wani abu. Amma fa dattawan nan ƙarewa suke yi.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ta bar wa ƙananan hukumomi bayar da takardar mallaka ta gargajiya a karkara. Ke nan kowa da littafinsa, kowa da irin awonsa. Borno ta kafa hukumar BOGIS don sa bayanan filaye a kwamfuta, madalla. To ina amfanin kwamfutar idan ba ta ga abin da ke tsallaken iyaka?

Roƙonmu bai da yawa. A yi awo iri ɗaya, a kafa turaku, kowane fili ya sami lamba guda, kuma ofisoshin biyu su riƙa duba littafin juna kafin a buga hatimi.

Mu ma da namu aikin. 'Yan'uwa, mu da kakanninmu suka zo daga nesa, shaidarmu ita ce takarda. Kowa ya fito da tasa, ya kira maƙwabci da mai unguwa a taka iyaka tare, a rubuta, a ɗauki hoto a waya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya zaunar da mu lafiya.