Ranar da Ilimi Ya Maƙale Mana a Wuya

Mu malaman makaranta magana ce sana'armu. Tun daga ƙararrawar safe har a tashi, bakinmu ba ya hutawa. Shi ya sa da Sarkin Zangonmu ya aiko a shekarar 2014 cewa yana son malamin kimiyya ya yi wa iyaye bayani kan cutar kwalara bayan sallar La'asar, ba mu ɗauki abin da nauyi ba. Mun yi shekara uku a kwalejin horon malamai, mun kuma daɗe muna koya wa yara wannan darasi. To, me ya rage?

Waccan shekara ba ta wasa ba ce. Cutar ta kama mutum fiye da 28,000 a Gana, ta kashe sama da 200, kuma a nan Akara abin ya fi muni. Mutanen da suka zauna a kan benci a ranar ba kallo ya kawo su ba, tsoro ne.

Muka miƙe da takarda a hannu. Da muka ɗaga kai muka ga Liman, muka ga dattawan da suka halarci sunanmu, sai murya ta shige ciki. Abin da muka shirya da Turanci muka shirya shi, sai ga mu muna fassara a tsaye, kalma guda Hausa, biyu Turanci. Kowace jimla da "wataƙila" ta fara, ta ƙare da "haka dai masana suka ce". Can sai wani Alhaji ya ɗaga sanda ya ce, "Malam, tsaya. Wannan ruwan gishiri da sukari da kake faɗa, in ɗanka ne ya kwanta, kai za ka ba shi?" Amsar ita ce e, ba tare da wani shakku ba. Amma sai muka ji bakinmu yana cewa ya danganta da yanayi. Alhaji ya gyaɗa kai ya zauna. Mun san a nan taron ya watse, ko da yake babu wanda ya tashi.

Washegari a tashar mota muka tarar da mai tallar magani da kwalba guda, wai tana maganin gudawa da basir da ciwon baya. Ba ya ƙifta ido, ba ya cewa wataƙila. Mata suna ta miƙa kuɗi. Takaici ya kama mu, domin shi bai san kome ba amma an yarda da shi, mu kuwa mun sani amma mun bar mutane da shakka.

Mun daɗe muna juya wannan al'amari. An rene mu a kan cewa yaro ba ya ɗaga murya gaban manya, ba ya haɗa ido da su, kuma wannan tarbiyya ba abar yarwa ba ce. Kwaleji kuma ta koya mana tsara darasi da riƙe alli gaban yara, ba ta taɓa tsayar da mu gaban iyayenmu ba, balle da harshen gida. Ban da haka akwai wata ɗabi'a ta 'yan boko, wato kewaye kowace magana da shinge don kada a kama mu da kuskure. A ɗakin jarrabawa wannan hankali ne. Gaban uwar da ɗanta ke amai da gudawa, kanmu kawai muke karewa. Ba mu kaɗai ba ne. Mun sha ganin ma'aikatan jinya da malaman gona, 'ya'yan zango masu takardu, suna in-ina a irin wannan wuri.

Da aka sake kiranmu bayan mako biyu, sai muka fara da tsohuwarmu. Muka zauna a tsakar gida muna yi mata bayani, duk inda ta ce "me ke nan?" mu sake kalma, har ta daina tambaya. Ranar taro muka bar takarda a gida, muka ɗauki ledar ruwa biyu, wato lita guda, da sukari da gishiri da ƙaramin cokalin shayi. Muka gaida manya yadda ya kamata, muka nemi izini, sannan muka haɗa a gaban kowa: sukari cokali 6 a shafe, gishiri rabin cokali. Muka ce ƙwayar cutar ta ruwa da abincin da bayan gida ya taɓa take shiga, kuma ƙarewar ruwan jiki ne ke kisa, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i. A fara ba marar lafiya wannan ruwa nan take, a ci gaba da ba shi a hanya, a kai shi asibiti.

Wata Hajiya ta tambaya ko mai ciwon sukari zai iya sha. Muka ce, "Hajiya, wannan ba mu sani ba, sai a tambayi likita." Da murya ɗaya muka faɗi wannan da sauran, kuma ba mu ga wanda ya raina mu ba.

Alhajin nan mai sanda yana layin gaba. Muka kurɓa tukuna, sannan muka miƙa masa kofin da hannu biyu. Ya ɗanɗana, ya ɗan yi shiru, ya ce gishirin bai wuce na hawaye ba, ya miƙa wa Liman.